SANIN LISSAFIN ƊIGO: Darasi Daga Canjin Kuɗi Na 1973

Duk wanda ya taɓa raba kuɗi tsakanin mutum uku ya san akwai ranar da rabo ba ya fita daidai. A kawo Naira ɗari, kowa ya ɗauki talatin da uku, a bar Naira guda a tsakiya ana kallonta. In kuwa aka danna na'urar lissafi ta cikin waya, sai ta nuna 33.3333333, ukun nan ta yi ta jeruwa har wuri ya ƙare. Waɗansu sukan zaci na'urar ce ta sami matsala, alhali lafiyarta lau, gaskiya ta faɗa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a dalilin da ya sa wani rabo yake ƙarewa, wani kuwa ba ya ƙarewa, da yadda mutum zai gane kowanne tun kafin ya fara lissafi, da kuma yadda zai tsare haƙƙinsa da na abokin cinikinsa.

Kalmomi biyu

Akwai hanya biyu ta rubuta abin da bai cika ɗaya ba. Ta farko ita ce juzu'i, watau lamba a sama da lamba a ƙasa, kamar 1/2 ko 3/4. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka kasa abu, ta sama kuma tana faɗin kashi nawa aka ɗauka. Hausawa sun daɗe da sunayen waɗannan: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, watau daga kashi ɗaya cikin biyu har zuwa kashi ɗaya cikin goma.

Hanya ta biyu ita ce lissafin ɗigo, wanda 'yan makaranta ke kira desimal. A nan goma-goma kaɗai ake kasa abu. Lambar farko bayan ɗigo tana nufin kashi cikin goma, ta biyu kashi cikin ɗari, ta uku kashi cikin dubu. Saboda haka 0.5 rabi ne, 0.25 rubu'i ne. Wannan dabara tsohuwa ce. Al-Uƙlidisi ya yi amfani da ita a littafin lissafin da ya rubuta a birnin Dimashƙa a ƙarni na 10, Al-Kashi ya bayyana ta filla-filla a Samarƙandi a 1427, sa'an nan Simon Stevin ya yaɗa ta a Turai da ɗan littafin da ya buga a 1585.

Ranar da kuɗi suka canza

A Nijeriya, ranar 1 ga Janairu 1973 ce lissafin ɗigo ya shiga aljihun kowa. A ranar ne Babban Bankin Nijeriya ya fito da Naira da kwabo a madadin fam da sule da tsohon kwabo. Janar Yakubu Gowon ne Shugaban Ƙasa a lokacin, Alhaji Shehu Shagari kuma shi ne Kwamishinan Kuɗi na Tarayya. Sunan Naira kuwa ana danganta shi ga Cif Obafemi Awolowo, wanda ya riƙe wannan muƙami kafin Shagari. Cikin ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma da Ingila ta mallaka, Nijeriya ce ta ƙarshe wajen yin wannan canji: Saliyo ta yi a 1964, Gana a 1965, Gambiya a 1971. Ita kanta Ingila ta canza nata a watan Fabrairu na 1971.

Bari mu ɗauki Kafanchan ta zama abin misali. Wannan gari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, jirgin ƙasa ne ya raya shi. A nan ne hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal, ta ratso Inugu da Makurɗi, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudu zuwa Jos. A 1973 garin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976. Tasha irin wannan matattarar ƙananan ciniki ce: mai ƙosai, mai gyaɗa, mai rake, ɗan dako, kowa da kwabo da taro yake sana'arsa. Su ne canjin ya fi shafa, ga kuma dalili.

A tsohon tsari, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. A sabon tsari, kwabo 100 ne Naira ɗaya. Aka tsayar da cewa fam ɗaya Naira biyu ne, sule goma Naira ɗaya. Ke nan sule ɗaya ya zama sabon kwabo goma cif. Daga sule zuwa sama babu wata wahala: ma'aikacin reluwe mai albashin fam goma sha biyar ya san Naira talatin zai karɓa. Wahalar tana ƙasa da sule, inda za a cusa tsohon kwabo goma sha biyu cikin sabon kwabo goma. Daɗin daɗawa, da tsohon da sabon duk kwabo ake ce musu da Hausa. Ga yadda lissafin ya fita:

Tsohon kwabo 1 daidai yake da sabon kwabo 0.8333…
Tsohon kwabo 2 daidai yake da sabon kwabo 1.6666…
Taro, watau tsohon kwabo 3, sabon kwabo 2.5 ne
Tsohon kwabo 4 daidai yake da sabon kwabo 3.3333…
Sisi, watau tsohon kwabo 6, sabon kwabo 5 ne
Nai, watau tsohon kwabo 9, sabon kwabo 7.5 ne
Sule, watau tsohon kwabo 12, sabon kwabo 10 ne

Mai karatu zai lura taro da sisi da nai sun fita sarai. Da yake cikin sababbin tsabar kuɗi akwai rabin kwabo, ana iya biyansu ba ƙari ba ragi. Sauran kuwa, daga kwabo ɗaya har kwabo goma sha ɗaya, babu wanda ya fita. Ɗigo uku da muka sa a ƙarshensu alama ce ta cewa lambar tana ci gaba da maimaituwa ba iyaka.

A ce mai ƙosai a bakin tasha tana sayar da guda ɗaya a kan tsohon kwabo ɗaya. In ta sayar da 120 ta sami sule goma, watau Naira ɗaya. To, yanzu nawa za ta ce? In ta ce sabon kwabo ɗaya, cinikinta ya zama Naira ɗaya da kwabo ashirin, masu saye sun biya ƙarin humusi. In ta ce rabin kwabo, kwabo sittin kaɗai za ta haɗa, ta tafka asarar kwabo arba'in. Mafita ita ce ta sayar da guda shida a kan kwabo biyar, domin tsohon kwabo ɗaya kashi biyar ne cikin shida na sabon kwabo. Juzu'in 5/6 ya faɗi gaskiyar farashin dukanta, amma 0.83 ya gutsure ta.

Yadda ake juya juzu'i zuwa ɗigo

Ƙa'idar guda ce: a raba lambar sama da lambar ƙasa. In ba ta rabuwa, a sa ɗigo, a ƙara sifiri, a raba. Duk sauran da ya rage a ƙara masa sifiri a sake rabawa.

Mu gwada da 3/8. Takwas cikin talatin sau 3, saura 6. Takwas cikin sittin sau 7, saura 4. Takwas cikin arba'in sau 5, babu saura. Lissafi ya tsaya, amsa ita ce 0.375. Irin wannan shi ake kira lissafin ɗigo mai ƙarewa.

Yanzu mu gwada da 5/6 na mai ƙosai. Shida cikin hamsin sau 8, saura 2. Shida cikin ashirin sau 3, saura 2. A sake: shida cikin ashirin sau 3, saura 2. Tun da sauran da ya fita shi ne ya sake dawowa, ko an kwana ana yi amsar ba za ta sake ba. Wannan shi ne mai maimaituwa, 0.8333…

Wani lokaci jerin lambobi ne ke maimaituwa. A raba ɗaya da bakwai, kamar mai son sanin rabon kwana ɗaya cikin mako. Sauran da ke fita su ne 3, 2, 6, 4, 5, 1, sa'an nan a koma farko. Amsa ita ce 0.142857142857…, lambobi shida suna zagayawa kamar jaki a masussuka. Dole ne kuwa su zagayo, domin in ana raba abu da bakwai, saura ba zai wuce ɗaya zuwa shida ba. Bayan rabawa shida, lalle ɗayansu ya sake bayyana. Haka abin yake ga kowane juzu'i: ko dai ya ƙare, ko ya shiga maimaituwa. Babu hanya ta uku.

Yadda za a gane tun da wuri

Asirin yana cikin lambar ƙasa. Goma biyu ce sau biyar. Ban da ɗaya da ita kanta, biyu da biyar kaɗai ke raba ta. Saboda haka lissafin ɗigo, wanda aka gina a kan goma, yana iya ɗaukar duk juzu'in da lambarsa ta ƙasa ta ginu daga biyu da biyar kawai.

Ga yadda ake gwadawa. Da farko a rage juzu'in iyakar raguwarsa: 3/12 ya koma 1/4, 9/12 ya koma 3/4. Sa'an nan a ɗauki lambar ƙasa a yi ta raba ta da biyu ko da biyar. In an sauko har ɗaya, lissafin mai ƙarewa ne. In aka cije a kan wata lamba, kamar uku ko bakwai ko goma sha ɗaya, mai maimaituwa ne.

Misali, 40 ta koma 20, ta koma 10, ta koma 5, ta koma 1. Saboda haka 3/40 zai ƙare, amsarsa 0.075, watau kashi bakwai da rabi cikin ɗari, wanda shi ne harajin kayan masarufi da aka sanya tun watan Fabrairu na 2020. Amma 12 ta koma 6, ta koma 3, ta cije. Wannan ukun da ke ɓoye cikin goma sha biyu ita ce ta hana tsohon kwabo shiga sabo. Taro da sisi da nai sun tsira ne domin uku tana raba su, sai ta kashe ukun da ke ƙasa.

Daga cikin sunayen da muka ambata, rabi 0.5 ne, rubu'i 0.25, humusi 0.2, sumuni 0.125, ushiri 0.1, duk masu ƙarewa ne. Sulusi 0.333…, sudusi 0.1666…, subu'i 0.142857… da tusu'i 0.111… masu maimaituwa ne.

A nan ya kamata a yi wa tsohon tsari adalci. Goma sha biyu tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida, shi ya sa sulusin sule kwabo huɗu ne cif, sulusin fam kuma sule shida da kwabo takwas. Naira ba ta da sulusi cikakke. Abin da aka samu a madadin wannan shi ne sauƙin tarawa da ɗebewa da ninkawa, domin yanzu lissafin kuɗi ɗaya yake da lissafin ƙirga. Gana ta fara gwada wata hanya a 1965, ta mai da sidi ɗaya tsohon kwabo ɗari, don kwabo ya fita daidai. Amma fam ya zama sidi 2.40. A 1967 ta sake, ta yi sabon sidi mai darajar sule goma. Ko ta ina aka bi, goma sha biyu ba ta zama goma ba tare da wani ya matsa ba.

Yadda ake komawa juzu'i

In lissafin mai ƙarewa ne, a ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo. In ɗaya ce a sa goma a ƙasa, in biyu ne ɗari, in uku ne dubu, sa'an nan a rage. Misali, 0.75 shi ne 75/100, a raba sama da ƙasa da 25, ya zama 3/4. Haka 0.375 shi ne 375/1000, a raba da 125, ya koma 3/8.

In mai maimaituwa ne, akwai dabara. Mu ɗauki 0.333… A ninka shi sau goma, ya zama 3.333… A ɗebe na asali daga wannan. Wutsiyar da ba ta ƙarewa iri ɗaya ce a duka biyu, sai ta kashe kanta, a bar 3. An ɗebe ninki ɗaya daga ninki goma, saura ninki tara. Ke nan ninki tara na lambar shi ne 3, lambar kuwa 3/9 ce, watau sulusi.

Daga nan aka sami gajeriyar hanya: in maimaituwa ta fara nan da nan bayan ɗigo, a sa abin da ke maimaituwa a sama, a sa tara a ƙasa gwargwadon yawan lambobinsa. Saboda haka 0.666… shi ne 6/9, watau 2/3. Haka 0.272727… shi ne 27/99, watau 3/11.

In akwai wata lamba kafin maimaituwa ta fara, kamar 0.8333…, sai a ninka sau biyu. Ninki ɗari ya ba da 83.333…, ninki goma ya ba da 8.333… A ɗebe, saura 75, wanda shi ne ninki casa'in. Amsa 75/90, a raba da 15, ga 5/6 ya dawo.

Inda asara take shiga

Kada a ce wannan zancen kwabo ne da ya wuce. Har yanzu Naira kwabo ɗari ce, takardar banki kuma tana nuna lamba biyu bayan ɗigo. Kuɗin da ake juyawa kuwa sun ƙaru ƙwarai, kuskure kaɗan yakan zama babba.

Kudancin Kaduna, musamman Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, shi ne cibiyar noman citta a ƙasar nan. A ce manoma uku sun haɗa kai sun sayar da citta ta Naira 10,000,000, za su raba daidai. Rabon kowa Naira 3,333,333.33 ne, kwabo ɗaya tak ya rage. Amma in magatakarda ya ce sulusi 0.33 ne ya ninka da shi, kowa zai karɓi Naira 3,300,000, Naira 100,000 ta maƙale a hannun mai rabo. In ya ce 0.3 ne, Naira miliyan ɗaya ke nan ta salwanta. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya rubuta kashi biyu cikin uku a matsayin 0.67 ya yi ƙari: a kan Naira 900,000 zai ba da 603,000 maimakon 600,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Haka nan wajen rabon gado, inda ake aiki da sumuni da sudusi da sulusi, masu rabo sun saba nemo lambar da duk kason ke shiga cikinta, kamar 12 ko 24, su kasa dukiya a kanta. Wannan ita ce hanya mai tsafta, kada a bar ta saboda an sami na'ura.

A kula kuma da lokaci. Awa minti sittin ce. Awa ɗaya da rabi 1.5 ce a lissafin ɗigo. Wanda ya rubuta wa lebura 1.30 ya ninka da kuɗin awa, ya cinye masa minti goma sha biyu. Masu fatauci zuwa Maraɗi ko Damagaram su sani, a Jamhuriyar Nijar waƙafi ake sawa a gurbin ɗigo, bisa al'adar Faransa: 2,5 a can shi ne 2.5 a nan.

Sha biyu da kashi biyu cikin uku

An taɓa kai juzu'i mai maimaituwa har Kotun Ƙoli. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami rubu'in ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, uku kuwa ba ta raba 19. Amsar ita ce 38/3, watau 12.666… Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, a Jihar Kano kuma ya sami kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Awolowo ya kai ƙara, yana cewa jiha ba ta gutsuruwa, sai a cika lissafi zuwa 13. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce a bar shi a sha biyu da kashi biyu cikin uku. Bisa wannan, abin da ake bukata a jiha ta goma sha uku shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, watau sudusi, kashi 16.666… cikin ɗari. Ranar 26 ga Satumba 1979 mafi rinjayen alƙalan kotun suka tabbatar da zaɓen Shagari. Masana shari'a sun daɗe suna muhawara a kan hukuncin. Tun 1996 jihohi 36 ne, kashi biyu cikin uku nasu 24 ne cif. Darasin da ke ciki ya shafi kowace ƙungiya: a tsayar da yadda za a yi da ragowa tun kafin ranar rabo.

Abin da za a riƙe

Na ɗaya, a duba lambar ƙasa. In uku ko bakwai ko wata lamba wadda ba biyu ko biyar ba tana ɓoye cikinta bayan an rage, lissafin ba zai ƙare ba.

Na biyu, a yi aiki da juzu'in kansa. Mai neman sulusi ya raba da uku. Mai neman kashi biyu cikin uku ya ninka da biyu, sa'an nan ya raba da uku.

Na uku, kada a datse lamba a tsakiyar lissafi. A bari sai an kai amsar ƙarshe, a tsaya a kan kwabo. In lamba ta uku bayan ɗigo ta kai biyar, a ƙara ɗaya a kan ta biyu, in ba ta kai ba a bar ta.

Na huɗu, bayan an gama rabo a tara kason kowa, a gani ko ya koma jimlar farko. Bambancin da ya wuce 'yan kwabbai alama ce ta kuskure.

Na biyar, a takardar yarjejeniya a rubuta 1/3 ko "kashi ɗaya cikin uku", kada a rubuta 0.33. A kuma faɗi inda ragowa za ta tafi, ko asusun ƙungiya, ko wani wurin da kowa ya yarda.

Ana roƙon malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, da duk wanda wannan ɗan littafi ya zo hannunsa, ya karanta wa waɗanda ba su sami damar karatu ba, ya kuma gwada misalan tare da su da alƙalami da takarda. Wanda bai gane wani wuri ba ya tambayi malamin lissafi mafi kusa da shi, domin matambayi ba ya ɓata.